Yadda Iyalin Manomi Zai Ɗauki Nauyin Karatun Jinya Ba Tare da Sayar da Gona Ba

Ranar da sunan yarinya ya fito a cikin waɗanda aka ɗauka makarantar koyon aikin jinya, a yawancin ƙauyukanmu na Jigawa da Kano guɗa ce take riga lissafi tashi. Sai an gama murna, maƙwabta sun watse, sannan maigida zai kira wanda ya fi kowa boko a gidan ya tambaye shi, "To, nawa ne kuɗin makarantar?" Ni aka yi wa wannan tambaya lokacin da ƙanwata ta samu gurbi. Na karanta wa Baba adadin da ke rubuce a takardar shiga, muka sayar da riɗi muka biya, muna ganin mun sauke nauyi. Ba mu yi wata uku ba muka gane cewa kuɗin rajista shi ne mafi sauƙin ɗauka a cikin kayan, domin shi kaɗai ne yake yin sallama kafin ya shigo. Abin da ke durƙusar da iyalin manomi shi ne saɓanin lokaci. Kuɗinmu sau ɗaya yake zuwa a shekara, da kaka, ita kuwa makaranta ba ruwanta da kaka, tana iya neman kuɗi a tsakiyar watan Agusta, sa'ad da rumbu ya yi ƙasa kuma taki ya cinye abin da ke aljihu. Saboda haka aikin mai riƙe da lissafi shi ne ya sa kowane biya ya tarar da abin biyansa yana jiransa.

Kafin a kashe ko kwabo, sai a tabbatar da makarantar kanta. Hukumar kula da aikin jinya da ungozoma ta ƙasa, wadda ake taƙaita sunanta da NMCN, ita ce take amincewa da makarantu, ita take ƙayyade wa kowacce yawan ɗaliban da za ta ɗauka, ita ce kuma take shirya jarrabawar ƙarshe da ba da lasisin aiki. Dole ne a shigar da sunan kowane ɗalibi a rajistar hukumar, abin da ɗalibai ke kira indeksin, kuma wanda bai samu wannan lamba ba, ba zai zauna jarrabawar hukuma ba ko da ya shekara nawa yana sa fararen kaya. A tambayi ofishin makaranta ko hukuma ta amince da kwas ɗin da za a yi, sannan a tambayi ɗaliban da ke gaba ko dukansu sun samu lambarsu, domin amsar wannan tambaya ta biyu a bakin ɗalibai ake samun gaskiyarta. Babu asarar da ta kai ta iyalin da suka yi shekaru suna biya, daga baya aka ce an ɗebi ɗalibai fiye da ƙima kuma 'yarsu tana cikin rarar.

Makarantun gwamnati su ne daidai aljihun talaka. A Jigawa akwai na Birnin Kudu da Haɗeja da Ɓaɓura, a Kano kuwa akwai ta cikin birni da ta Madobi da ta Ɗambatta, ga kuma wadda ke ƙarƙashin asibitin koyarwa na Aminu Kano. A lura da tsawon karatun, domin kowace shekara da ta ƙaru, shekarar ci da sha da kuɗin mota ce. Tsohon tsari shekara uku ne, sabon tsarin difloma da babbar difloma, wanda ake shiga ta hanyar JAMB, shekara huɗu ne, digirin jinya a jami'a shekara biyar, karatun ungozoma ko jinyar karkara kuwa shekara biyu. Abin da ake nema wajen shiga cikakken kwas shi ne kiredit biyar a Turanci da Lissafi da Fiziks da Kemistiri da Bayoloji, a zama ɗaya ko biyu. Wanda ya zo ya ce a ba shi wani abu zai samo gurbi ta bayan fage, a yi masa godiya a sallame shi.

Da zarar gurbi ya tabbata, a sayi littafin rubutu guda ɗaya mai kauri, a kuma nemo ɗalibar da ta kai ajin ƙarshe a makarantar, ko wadda ba ta daɗe da gamawa ba. A zauna da ita a tsanake, a roƙe ta ta faɗi duk abin da ta taɓa biya tun daga ranar da ta shiga, kuma a kan kowane ɗaya a tambaye ta a wane wata ne aka nema. Wannan tambaya ta wata ita ce mutane ke mantawa, alhali ita ce ginshiƙin lissafin. Za a ji abubuwan da takardar shiga ba ta ambata ba, irin su gwajin lafiya, kuɗin ɗakin kwana, yunifom da takalmi, kuɗin indeksin, kuɗin ƙungiyar ɗalibai, fotokwafin darussa, kuɗin mota zuwa asibitocin da ake tura su aiki, bugawa da ɗaure kundin bincike, da rajistar jarrabawar hukuma. Idan aka jera su wata bayan wata, za a ga cewa nauyin ya taru a wuri biyu, wato farkon shekarar farko da kuma shekarar ƙarshe. Na farko kowa yana shirya masa saboda zumuɗi. Na ƙarshen shi ne yake samun iyali a gajiye, dangi sun ƙosa da jin maganar, kuma shi ne wanda ba a iya ɗagawa, domin idan aka rufe rajistar jarrabawar hukuma sai a jira zama na gaba.

Maganin shekarar ƙarshe tun a shekarar farko ake haɗa shi, kuma ban ga abin da ya fi kiwo ba. Akuya wata biyar take ɗaukar ciki, jar akuyarmu kuwa ta kan haifi biyu. Idan aka sayi guda ɗaya ko biyu da kaka, aka damƙa wa Inna ko Gwaggo da sharaɗin cewa na jarrabawar ƙarshe ne, aka yi musu rigakafi a kan kari, kafin shekara uku za su zama ɗan garke in Allah Ya tsare. Sharaɗin nan a faɗe shi a gaban kowa, domin akuyar da ba a sa wa suna ba, ita ake fara kamawa idan an yi haihuwa ko baƙo ya sauka. Wanda yake da harawa da ƙaiƙayi wadatattu yana iya ɗaure ɗan rago domin Babbar Salla, amma ya tuna cewa Salla tana matsowa da kwana goma ko sha ɗaya kowace shekara, sai ya duba ko za ta zo kafin lokacin biya ko bayansa.

Na san ciwon sayarwar dole, don na ɗanɗana. A shekarar ƙanwata ta biyu, ta bugo waya a tsakiyar damina cewa an ba su mako guda su biya wani kuɗi da ban rubuta ba. Na kama akuyar Innarmu na ja ta zuwa kasuwa, laka har idon sawu. Dillalin da ya karɓi igiyar bai fara duban akuyar ba, ni ya duba, ya ce, "Malam, na makaranta ne ko na asibiti?" Ya riga ya karanta gaggawar a fuskata. Aka taya, na ce albarka, aka ƙara ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, na sake cewa albarka, a na uku na sallama, domin rana ta yi kuma motar garinmu tana shirin tashi. Bayan an cire la'ada, abin da na riƙe bai kai abin da za ta yi da kaka ba ko kusa. Tun daga ranar na koyi sayar da dabba mako biyu ko uku kafin ranar biya, lokacin da zan iya cewa albarka in koma da ita gida in sake kawowa kasuwa ta gaba.

Haka ma amfanin gona. Riɗi da zoɓo kuɗi ne a hannu, a ware na makaranta tun a masussuka, kafin a fara biyan bashin taki da hidimar bukukuwan kaka. Idan biyan yana nan da wata biyu ko uku, ra'ayina shi ne a sayar a zuba kuɗin a wani asusun banki daban wanda ba a yawo da katinsa a aljihu. Idan kuwa sai damina za a nema, ana iya ajiye wake ko gero a buhun nan mai leda biyu a ciki, wanda idan aka ɗaure shi da kyau ƙwari ke mutuwa don rashin iska ba tare da an sa magani ba, a rubuta sunan ɗalibar da watan biya a jikin buhun. Galibi farashi yana tashi idan aka doshi damina, amma ba doka ba ce, an ga shekarar da hatsi ya karye bayan kaka masu ajiya suka tafka asara. Kuɗin makaranta ba jarin caca ba ne, don haka kada a riƙe buhu ana jiran ya ƙara tsada alhali ranar biya ta matso.

Sai maganar dangi. Ranar murna kowa zai ce, "In Allah Ya hore za mu taimaka," kuma da zuciya ɗaya suke faɗa, sai dai wannan magana ba ta shiga littafin lissafi. A tara waɗanda abin ya shafa kafin ɗalibar ta tafi, a buɗe littafin a gabansu, kowa ya ɗauki abu guda mai suna. Kawu mai tuƙa mota ya ɗauki kai ta da dawo da ita, Gwaggo mai ƙuli-ƙuli ta ɗauki man gyaɗa da ƙuli duk wata biyu, Yaya mai albashi ya ɗauki kuɗin ɗakin kwana, Baffa ya ɗauki buhun gero. Mutum ya fi cika alkawarin da ya san girmansa, kuma wanda ba shi da kuɗi amma yana da hatsi ba zai ji an raina shi ba. Idan uwar ɗalibar tana zubin adashi, ta roƙi uwar adashi tun da wuri a sa ɗaukarta a watan rajista. Idan akwai wanda ya fito neman auren yarinyar, a yi maganar karatun a gaban manya, a san ko zai jira ko zai ɗauki wani kaso, kada kuɗin kayan ɗaki da na jarrabawar ƙarshe su haɗu a kaka ɗaya.

Neman taimako a wajen gida ba bara ba ne. Shirin Women for Health na horar da mata ma'aikatan lafiya, wanda gwamnatin Birtaniya ta ɗauki nauyinsa daga 2012 zuwa 2020 a jihohin da suka haɗa da Kano da Jigawa, ya ginu ne a kan cewa al'umma ta zaɓi 'yarta ta tallafa mata, ita kuma ta dawo ta yi musu aiki, kuma babu abin da zai hana mai unguwa da limami da ƙungiyar ci gaban gari su yi irin haka da kansu. Jihohin biyu suna da hukumar ba da tallafin karatu, akwai kuma hukumar zakka a Kano da kwamitocin zakka a masarautun Jigawa. A tanadi takardun da ake yawan nema a cikin leda ɗaya: shaidar zama ɗan asalin ƙaramar hukuma, takardar shiga makaranta, rasiɗan biya, lambar NIN, da asusun banki mai sunan ɗalibar kanta. Amma kada a rubuta tallafi a littafi sai ya shigo asusu, domin ya kan makara.

Akwai kuma asusun lamunin karatu na tarayya, NELFUND, wanda Shugaba Bola Tinubu ya sanya hannu a kan dokarsa a watan Afrilun 2024. Na ɗaliban makarantun gwamnati ne. Yana biyan kuɗin makaranta kai tsaye ga makarantar, ya kuma fara da bai wa ɗalibi naira 20,000 a wata domin ɗawainiya. Babu kuɗin ruwa a ciki, wanda shi ne abin da iyaye da yawa ke fara tambaya, kuma ana soma biya shekara biyu bayan kammala hidimar ƙasa, ta hanyar cire kashi goma cikin ɗari na albashi. Ana nema ta intanet da lambar JAMB da NIN da BVN, kuma sai makarantar ta shigar da bayanan ɗalibanta tukuna, saboda haka a fara tambayar ofishin kula da harkokin ɗalibai. Bashi ne dai, a karɓe shi da niyyar biya. Shi kuwa rancen nan na manhajojin waya da ake bayarwa cikin minti biyar, kada ɗaliba ta kusance shi, ruwansa yana ninka kansa cikin makonni, kuma idan aka makara suna bin lambobin da ke cikin waya suna tozarta mutum.

Abinci shi ne rami mafi zurfi, kuma a nan ne ɗan ƙauye ya fi ɗan birni gata. Daren da ƙanwata za ta koma makaranta, Inna kan shimfiɗa tabarma a tsakar gida ta jera kaya: garin tuwo, garin kunu da aka niƙa da citta da kanumfari, tsamiya, garin ɗanwake, wake, kuka, busasshiyar kuɓewa, kauɗar tumatir, daddawa, busasshen zogale, yaji a tsohon gwangwanin madara, ƙuli-ƙuli, da man gyaɗa a jarka wadda ta toshe bakinta da leda ta ɗaure da zare. Babu ɗaya a cikinsu da yake buƙatar firji, kuma kusan duka daga gona ko bayan ɗaki suka fito. Wadda ta tafi da waɗannan, abin da za ta saya a can bai wuce gishiri da albasa da ɗanɗano da makamashi ba. Ya fi kyau ɗalibai uku ko huɗu su haɗa tukunya, domin wuta ɗaya ce za ta dafa na kowa, kuma wadda ke aikin dare za ta dawo ta tarar da rabonta a rufe. Idan Allah Ya haɗa ki da 'yar Haɗeja mai kawo shinkafa da busasshen kifi, ke kuma kina kawo wake da mai, kun gama. Sai dai a yi ƙa'ida tun ranar farko a kan abin da kowa za ta kawo da ranar girkinta, domin kunya ce take fara ɓata irin wannan haɗaka, daga baya gaba ta ƙarasa ta. A kuma bincika dokar ɗakin kwana kafin a sayi risho ko ƙaramar tukunyar gas, don ba ko'ina ake yarda da kowanne ba.

A yi hattara da ƙofar asibiti. Ɗalibar da ta fita aiki da safe ba ta karya ba, kafin azahar za ta sayi wani abu a wajen masu talla. A ɗauka naira 500 kacal take kashewa a rana, a wata ya zama naira 15,000, wato kashi uku cikin huɗu na abin da asusun lamuni ke bayarwa. Kunu a filas da ɗanwake ko ɗumamen tuwo a ɗan kwano mai murfi sun toshe wannan ɓaraka.

Kayan aiki ba sa buƙatar dogon bayani. Kada a ɗinka yunifom sai makaranta ta faɗi irin yadi da ɗinkin da take so, sannan 'yan aji su haɗa kuɗi a yanko musu a Kantin Kwari a farashin sari. Saiti biyu sun isa farawa. Takalmi ne kaɗai ba na son a yi masa rowa, domin mai tsayuwar awa takwas a kan siminti da takalmin banza za ta sayi wani kafin zango ya ƙare. Abin sauraron ƙirji da na'urar awon jini da almakashi da agogo mai hannun daƙiƙa ana samunsu da sauƙi a wajen ɗalibai masu gamawa, haka ma manyan littattafai, sauran kuma a karanta a laburare. Kwamfuta tana iya jira har lokacin rubuta kundin bincike, waya mai ɗan girman fuska ta wadatar, muddin datar ta tafi ga karatu.

Abin da ya fi ba mu mamaki shi ne kuɗin fita aiki, wanda ɗalibai ke kira fostin. Ban da babban asibitin da ke kusa da makaranta, akan tura su asibitin masu taɓin hankali, irin na Dawanau a Kano ko na Kazaure a Jigawa, da ƙananan asibitocin karkara, wani lokaci na makonni. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kuɗin mota ya zama abin da ake yi wa shafi na musamman a littafi. A nemi jadawalin fita tun farkon zango, a bincika ko akwai ɗan'uwa a garin da za a sauka wurinsa, in babu, ɗalibai su haɗu su kama ɗaki ɗaya. Zuwa gida kowane ƙarshen mako kuwa a haƙura da shi, a riƙa aika kayan abinci ta hannun amintaccen direba ranar kasuwa. Kafin ta fara shiga ɗakin marasa lafiya, a tabbata ta yi allurar rigakafin ciwon hanta nau'in B, wadda ake yi sau uku, ta biyu bayan wata ɗaya, ta uku bayan wata shida da ta farko, domin mai aiki da allura da jini tana cikin haɗari, kuma jinyar wannan ciwo tana da tsada. A sa mata gidan sauro a cikin kaya.

Faɗuwa jarrabawa ita ma kuɗi ce, har ta fi sauran ciwo. A tsarin da aka saba, watanni shida na farko na share fage ne, kuma jarrabawar da ke bayansu ita take tankaɗe waɗanda za su ci gaba. A wannan lokaci kada a bar ɗaliba ta yi wata sana'a, kada kuma a riƙa kiranta gida biki ko suna. Bayan ta zauna da gindinta, kitso ko lalle ko ɗinkin hula a ranakun hutu ba laifi. Abin da ba na goyon baya ko kaɗan shi ne ta dawo hutu mutanen gari su fara kiranta malamar asibiti, ta riƙa yin allura da ƙarin ruwa a ɗakunan mutane ana ba ta na goro. Ba ta da lasisi, doka ba ta ba ta dama ba, kuma kuskure ɗaya ya isa ya salwantar da rai ya kuma rushe duk abin da aka zuba.

Duk wani biya a yi shi ta banki ko ta hanyar da makaranta ta bayyana a rubuce, a karɓi rasit, a ɗauki hotonsa da waya a tura wa mai riƙe da littafi a gida. Mu mun taɓa biyan abu ɗaya sau biyu saboda ruwa ya jiƙa rasit a cikin jaka, ofishin kuma ya ce bai ga shaida ba. Sannan a ware wani ɗan kuɗi, ko da na motar zuwa gida da dawowa ne, a asusun ɗalibar, wanda ba ta taɓawa sai ta faɗa. Yarinyar da take nesa da gida ba ko sisi a hannunta, ba ta rasa mai yi mata tayin taimako, kuma ba kowane tayi ne na Allah da Annabi ba. Iyaye su faɗa mata ƙarara cewa idan ta rasa, gida za ta fara kira, kuma idan ta kira kada a fara da faɗa.

A bar shafukan ƙarshe na littafin domin watannin da ke tsakanin gama jarrabawa da albashin farko. A cikinsu akwai kuɗin rajistar lasisi, da bikin rantsarwa, da hotuna da fotokwafin takardu, da zirga-zirga zuwa Dutse ko Kano neman aiki, kuma ko an ɗauke ta aiki albashi ba ya fara zuwa a watan farko. Idan garken jarrabawa ya yi albarka, kada a sayar da shi duka a lokacin rajista, a rage uwa ɗaya da ɗanta domin wannan tsakanin.